Yaƙin Ainu Jalut da Hanyar Malaman Barno

A watan Fabrairu na shekarar 1258 ne rundunar Mangolawa, waɗanda littattafan Larabci ke kira Tatar, ta ci Bagadaza a ƙarƙashin Hulagu, jikan Jangis Khan, ta kashe Halifa Musta'asim. Zuwa farkon 1260 Halab da Dimashƙa sun shiga hannu. Masar kaɗai ta rage a gabansu.

Masu mulkin Masar a lokacin su ne Mamaliki, wato bayin yaƙi waɗanda suka karɓe sarauta a 1250. Yawancinsu Turkawan Kifcaƙ ne, kuma da dama cikinsu ɓarnar Mangolawan ce ta watsa garuruwansu har aka sayar da su tun suna yara. Saboda haka sun san doki da baka kamar yadda abokan gabarsu suka sani. Da Hulagu ya aiko manzanni yana neman mubaya'a, sai Sarki Ƙuɗuz ya sa aka fille kawunansu, aka rataye a Ƙofar Zuwaila ta Alƙahira.

Ba a rage wa Mamaliki jaruntaka ba idan aka ce lokaci ya taimake su. Babban sarkin Mangolawa, Mongke, ya rasu a 1259, Hulagu ya janye mafi yawan mayaƙansa zuwa gabas, ya bar wa sarkin yaƙinsa Kitbuga ragowar. Aka haɗu a Ainu Jalut, cikin Falasɗinu, ranar 25 ga Ramadan 658, daidai da 3 ga Satumba 1260. Baibaras ya yi kamar zai gudu, Mangolawa suka bi shi har cikin kwanton ɓauna. Aka kashe Kitbuga. Shi ma Ƙuɗuz bai koma Alƙahira da rai ba, domin Baibaras da mutanensa sun kashe shi a kan hanya.

Ɗalibin da ke Danchuwa ko Potiskum yana iya ɗaukar wannan labarin nesa ne, alhali kuwa ya shafi ƙasarsa. Tun wajen 1242, zamanin Mai Dunama Dabalemi, mutanen Kanem suke da makaranta da masauki a Masar, wato Madarasar Ibn Rashiƙ, inda alhazansu da ɗalibansu ke sauka. Da birnin ya faɗi kamar Bagadaza, da wuya wannan hanya ta ɗore.

A 1261 Baibaras ya naɗa wani Ba'abbase halifa a Alƙahira, malaman Sham da Iraƙi suka riƙa ƙaura zuwa can. Wurin halifan wannan gida ne Mai Ali Gaji, wanda ya kafa Birnin Ngazargamu a ƙasar da ake kira Jihar Yobe a yau, ya karɓi amincewa a tafiyarsa ta hajji ta 1484. Daga birnin kuma Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim Sura wasiƙar nasiha kan sha'anin mulki.