Bariki Kafin Aji: Hanyar da Kalmomin Ingilishi na Farko Suka Bi Zuwa Hausa

Ra'ayin da ya fi yaɗuwa a kundayen ɗalibai shi ne cewa makarantar boko ce ƙofar da kalmomin Ingilishi suka shigo Hausa ta cikinta, ana kuma maimaita shi ba tare da an auna shi da tarihi ba. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano ba ta fara ba sai 1909, kuma da Hausa ake koyarwa a cikinta, alhali tun 1863 John Glover ya kafa rundunar Hausawa a Legas, a 1897 kuma aka ɗora wa Lugard kafa rundunar da ta ci Kano a 1903. Ke nan Bahaushe ya shafe shekaru fiye da arba'in yana jin Ingilishi a filin fareti kafin ya gan shi a allo.

Wannan maƙala ta kwatanta sigar wasu kalmomin aikin soja da na kuɗi da yadda ake furta asalinsu da kuma yadda ake rubuta shi, domin kalmar aro, wato wadda wani harshe ya karɓa daga wani ya daidaita ta da tsarin sautinsa, takan riƙe alamar hanyar da ta biyo.

Kalmomin bariki ne suka fi bayyana lamarin. Samanja ta fito daga sergeant-major, amma babu mai karatun da zai dubi waɗannan haruffa ya fitar da ita. Abin da kurtu ya kama shi ne furucin sojan Ingila da ke haɗiye tsakiyar kalmar idan yana kira da ƙarfi. Ita kanta kurtu daga recruit take, an yar da gaɓar farko saboda ba a kanta nauyin furuci yake ba, kunne kuwa abin da aka danna shi yake riƙewa. Soja da hafsa da manjo duk sun rasa harafin r na ƙarshe, daidai da lafazin kudancin Ingila inda ake rubuta shi ba a furta shi. Abin lura kuma, hafsa da ofis tushensu ɗaya ne a Ingilishi, sai dai ta farko ta sauya kama har ba a gane ta, ta biyun kuwa ta tsaya kusa da asalinta, bambancin da ya dace da tazarar da ke tsakanin sojan da bai yi karatu ba da akawun da ke riƙe da alƙalami.

Kalmar bariki ma ba ta tsaya a masaukin soja ba. Hausawa sun faɗaɗa ta har ta ƙunshi rayuwar da ta fita daga idon dangi da hukuncin gari, suka samar da ɗan bariki da zaman bariki da barikanci, ma'anonin da asalinta, barracks, ba ta da su a Ingilishi. Kalmomin kuɗi irin su kwabo da sisi da sule da fam kuwa kasuwa ce ta yaɗa su, musamman bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911.

Gaskiya ne cewa sigar kalma kaɗai ba ta bayar da shekarar shigowarta, kuma wasu, kamar kwabo da titi, akwai alamar sun ratso ta bakin Yarabawa, sannan Hausar Nijar, inda lakwal (makaranta) da mushe (malami) suka zo daga Faransanci, tana buƙatar nazarinta daban. Waɗannan duka ba su mayar wa makaranta matsayin farko ba. Aji ya kawo fensir da rula daga baya, amma rukunin farko na Ingilishin da ke cikin Hausa sojoji da 'yan kasuwa ne suka shigo da shi, kuma da kunne suka ɗauko shi.