Tangaran da Sunayensa

Tangaran shi ne kwanon nan fari mai santsi, wanda in an ƙwanƙwasa shi ya kan yi ƙara, in ya faɗi kuwa sai ya fashe. Asalinsa ƙasar Sin. Shi ya sa Larabawa su ke ce masa sini, Ingilishi kuma su ke kiransa china, watau sunan ƙasar.

Jidda tana cikin manyan mashigansa tun zamanin da. Jiragen ruwa na gabas su kan sauke hajja a can, sa'an nan a wuce da ita Makka da Masar. A shekarar 2024 hukumar da ke kula da tsohon garin Jidda ta ba da labarin haƙar da aka yi, inda aka tono fasassun tangaran na lardin Jiangxi, waɗanda aka yi tsakanin ƙarni na 16 da na 19. Ta wannan gari alhazan ƙasar Hausa su ke bi, finjali kuwa, ɗan kofin nan na gahawa, sunansa daga Larabci ya fito.

Turawa sun daɗe suna sayen tangaran ba su san yadda a ke yinsa ba. Sai a 1710 aka buɗe ma'aikatarsa a Meissen ta Jamus. A 1712 wani limamin Kirista Bafaranshe, d'Entrecolles, ya rubuto daga Jingdezhen, ya bayyana sirrin sana'ar. Farar ƙasar da a ke yinsa da ita sunanta kaolin, daga sunan wani tudu na can, Gaoling. A 1768 aka sami irinta a Faransa kusa da Limoges, garin ya shahara da tangaran.

To, kalmomin Faransawa na wannan sana'a su kan wahal da mai fassara. Porcelaine asalinta sunan wuri ne da Italiyanci, wurin nan da Hausawa suka yi kuɗi da shi, don santsinsu ɗaya. Faïence kuwa daga Faenza ne, wani gari na Italiya, ana nufin kayan yumɓu da aka shafe da farin ƙyalli. Biscuit ma'anarta gashi biyu, amma a bakin maginan tangaran ita ce wanda aka gasa ba a shafa masa ƙyalli ba. Wanda ya fassara ta da biskit ya mai da kayan ado abinci. Ingilishi dai ba su wahal da kansu ba, arar kalmomin nan uku suka yi.

Hausa ma haka ta yi aro, kowace kalma da hanyar da ta biyo. Mutumin Kano ya ce faranti, daga Ingilishi, na Maraɗi ya ce asiti, daga Faransanci. Abin mamaki shi ne tasa. Ita da tasse ta Faransawa uwarsu ɗaya, kalmar Larabci ce, amma kowace ta kama gabanta. Tasse kofin shayi ne, tasa kuwa kwano ne na ƙarfe. Saboda haka ɗalibi ya nemi ganin abin da idonsa kafin ya fassara sunansa, gama kama da wane ba wane ba ne.