Tarihin da Ke Wajen Badala: Bukatar Ƙungiyar Tarihin Fagge da Sabon Gari

Rubutaccen tarihin Kano, tun daga jerin sarakunan da ya faro daga Bagauda, ya fi karkata ga fada da cikin birni. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, inda Hukumar Tarihi da Al'adu take, sun yi aiki mai daraja, amma rabon unguwannin wajen badala a cikinsu ƙanƙane ne. Wannan giɓi bai dace ba, domin a Fagge da Sabon Gari aka ƙulla yawancin abin da ya mai da Kano birnin zamani.

Fagge zango ce tun kafin Turawa, masaukin ayarin Azbinawa masu kawo gishiri. Sabon Gari kuwa ta samu ne bayan layin dogo ya iso a 1911, Turawa suka keɓe ta ga ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, har da mutanen Gana da Saliyo, tana wajen ikon Sarki sai a 1940. A nan aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta 1950. Tsakanin unguwannin biyu aka zubar da jini a Mayun 1953, aka kuma maimaita a 1966. Abin takaici, rikicin kaɗai ake tunawa, a manta da cinikin bashi, da auratayya, da Hausar da ta zama harshen Bayarabe da Ibo da Kwara (ɗan Lebanon).

Za a ce ai masana sun rubuta. Gaskiya ne: Ahmed Bako ya yi littafi kan Sabon Gari, Rasheed Olaniyi kan Yarabawan Kano. Sai dai da Turanci suke, kuma littafi ba ya maye gurbin taska. Takardun fuloti, rajistar coci-coci da masallatai, littattafan ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, hotunan gidajen silima irin su Plaza da Eldorado, duk suna cikin akwatunan iyalai, ga gobara ba ta rangwame, kamar yadda kasuwar Sabon Gari ta gani a 2016.

Ina ganin mazauna ne ya kamata su kafa ƙungiyar, da masu unguwanni da malaman makaranta da 'yan Kantin Kwari, Jami'ar Bayero ta ba da horo da wurin ajiya. Aikin farko shi ne naɗar muryar dattawan da suka ga rikicin 1953, domin waɗanda suke matasa a lokacin yanzu sun kai shekara 90.