Ko Gini Ya Fi Fim Gaskiya? Tarihin Damagaram Tsakanin Bariki da Majigi

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo tsakanin masu koyar da tarihin Damagaram, kuma wani abokin aikina, malamin tarihi da nake ganin girmansa, ya fi kowa iya kare shi. A ganinsa, duk mai son sanin abin da ya gudana daga zamanin Tanimu zuwa zuwan Nasara, ya je ya tsaya a ƙofar fada, ya bi sawun ganuwar Birni, ya hau duwatsu ya dubi tsohon barikin soja. Waɗannan su ne shaidu, domin a gabansu aka yi komai. Fim kuwa wasa ne: an samo 'yan wasa an naɗa musu rawani, an sa musu magana a baki, don haka ba shi da gurbi a ajin tarihi, balle a rubutun bincike. Fim ɗin da yake nufi musamman shi ne Si les cavaliers na Mahamane Bakabé (1982), wanda aka gina kan wasan kwaikwayon André Salifou game da maƙarƙashiyar da aka ce Sarki Amadu ɗan Bassa ya ƙulla wa Faransawa a 1906.

Ina ganin wannan rabon bai tsayu ba. Ba don fim ɗin ya fi ƙarfin tuhuma ba, sai don gine-ginen da ake kafa hujja da su sun sha irin gyaran da ake zargin fim da shi.

Ba sai na maimaita abin da kowa ya sani ba game da asalin sarautar daga Malam Yunus wajajen 1730, da komawarta Zinder a farkon ƙarni na 19, da bunƙasarta a hannun Tanimu ɗan Sulaiman, mai ganuwa da igwa ƙirar gida (Dunbar 1970, Salifou 1971, Baier 1980). Mu tafi kai tsaye barikin.

A ranar 5 ga Mayu 1898 aka kashe kyaftin Cazemajou da tafintansa Olive a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara guda bayan haka rundunar da Voulet da Chanoine suka jagoranta ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, ta bi ta Lugu ta bi ta Birnin Ƙonni. Shugabannin biyu sun mutu a hannun sojojinsu a tsakiyar Yuli 1899, amma rundunar ba ta watse ba. Ita ce dai, ƙarƙashin Pallier da Joalland da Meynier, ta kara da dakarun Damagaram a Tirmini a ƙarshen watan, ta shiga birnin, kuma kafin shekarar ta ƙare an kashe Kuran Daga. Sansanin da Faransawa suka gina a kan duwatsu suka raɗa masa sunan Cazemajou. Zaɓen wannan suna kaɗai labari ne cikakke, mai farko da ƙarshe: an kashe baƙo, an zo an ɗauki fansa. Babu Ƙonni a cikinsa, babu Lugu, babu Voulet. Wanda ya karanta tarihin cin Damagaram daga sunan da ke jikin barikin zai zaci hukunci aka zo zartarwa, alhali mamaya ce da aka tsara tun daga Faris don a isa tafkin Cadi.

Bayan samun mulkin kai aka sauya sunan ya koma na Tanimu. Ban ce an yi laifi ba. Sai dai Tanimu ya rasu a 1884, shekara goma sha biyar kafin a aza tubalin farko na ginin, bai taɓa ganin sojan Faransa a ƙofar garinsa ba. Sarkin da ya fuskanci Faransawa, Kuran Daga, sunansa ya tafi kan babbar makarantar sakandare ta garin. Wato an ba gidan soja sunan sarkin da ya yi nasara a yaƙe-yaƙensa, an ba gidan karatu sunan wanda aka ci da yaƙi. Ko da gangan aka yi ko a'a, wannan tsari ne irin na mai haɗa fim: a ɗauko wannan fuska a ajiye nan, a matsar da waccan can.

Abokin nawa yana da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Ya ce suna daban, gini daban. A canza allo sau goma, katangar tana nan inda magina suka tsayar da ita. Ana iya auna kaurinta, a duba inda take fuskanta, a gane cewa an ɗora ta a sama ne don ta sa ido kan unguwannin Birni da Zango gaba ɗaya. Wannan gaskiya ne, kuma mai binciken kufai zai amfana da shi. Amma a nan ya riga ya sauya magana. Da farko cewa ya yi a je a tsaya gaban gini a karanta tarihi. Yanzu kuma ya koma cewa sai an zo da ma'auni da ilimin da aka samo daga wani wuri. Katangar ba ta gaya wa kowa sunan Tirmini ba. Daga takardun Faransawa da bakin tsofaffi muka ji shi, muka zo muka jingina shi da ita.

Lamarin ya fi tsanani idan aka sauko cikin Birni. Ginin ƙasa rayuwarsa yaɓe ce. Duk wanda ya zaga lungunan unguwar bayan damina ya ga yadda zanen da ke fuskar zaure yake zaizayewa, zanko ya karye, a kira magini ya sake ɗora shi da hannunsa da idonsa na yau. Wani maigidan ma ya gaji ya shafe komai da siminti ya bi da fenti. Fadar da ake danganta gininta da tsakiyar ƙarni na 19 ta ratsa hannun sarakuna da magina da yawa kafin ta iso gare mu, ganuwa kuwa sai guntaye tsakanin duwatsu. An sa tsohon garin cikin jerin wuraren da Nijar ke neman UNESCO ta amince da su tun 2006, sannan bikin 18 ga Disamba na 2018, wanda aka kira Zinder Sabuwa, ya zo da nasa gyare-gyaren. Kowane gyara yana zaɓen abin da zai raya da abin da zai bari ya faɗi. Kuma ko da ganuwar tana tsaye cif yadda Tanimu ya bar ta, ba za ta faɗi su wa suka ɗauki ƙasarta a ka ba. James Richardson, wanda ya zauna a Zinder a farkon 1851, ya rubuta yadda ake fita harin kamun bayi daga garin. Daular da ta tsaya wa Barno, ta kai wa Kano yaƙi zamanin Sarki Alu, da fatauci da haraji da bayi ta yi ƙarfi. Mai yawon buɗe ido da ke ɗaukar hoton dogarai cikin jajayen riguna a ƙofar fada ba zai ji wannan daga bango ba.

Misalin ƙasar Foland zai taimaka a nan, domin can ne aka fi ganin yadda fim da gini suke tsere kan tunawa da shan kaye. A ranar 1 ga Agusta 1944 mutanen Warso suka yi wa mamayar Jamus bore, aka yi kwana 63 ana gwabzawa, aka murƙushe su, aka rushe birnin, sojojin Sobiyet kuwa suna tsallaken kogin Bistula. Gwamnatin kwaminis da ta biyo baya ba ta son a tuna da wannan, saboda haka babban ginin tunawa da boren bai tsaya ba sai 1 ga Agusta 1989. Amma tun 1957 Andrzej Wajda ya fito da fim ɗinsa Kanał, inda ragowar mayaƙa suke bin magudanar ƙazanta ta ƙarƙashin gari suna neman mafita. Kusa da ƙarshe, mace da namiji suka iso bakin magudanar inda take zuba a kogi, sai ga ƙarafuna sun tare hanya. Ta tsakaninsu ana hango ɗaya gaɓar cikin hasken rana. Ba a ambaci Sobiyet ko sau ɗaya ba, don haka masu tace fina-finai ba su sami abin yankewa ba, amma 'yan kallo sun san wa ya tsaya a can. Shekara 32 fim yana riƙe da abin da hukuma ta hana a sassaƙa a dutse. Gini sai da izinin mai mulki da kuɗinsa. Fim ma yana buƙatar su, amma yana da hanyoyin zillewa da gini ba shi da su.

To, nan ne abokin nawa ya kawo hujjarsa mafi nauyi, kuma dole in rage faɗin da'awata saboda ita. Ya ce kwatancin bai yi ba. Wajda ya yi fim ɗinsa shekara goma sha biyu ko sha uku bayan boren, wanda ya rubuta labarin yana cikin waɗanda suka bi magudanar, 'yan kallo da yawa sun gani da idonsu, da an yi ƙarya da sun tashi. Bakabé kuwa shekara 76 ke tsakaninsa da abin da yake nunawa. Sannan babu mai shakkar cewa an yi boren Warso, amma maƙarƙashiyar 1906 ba ta kai ga aiki ba: an kama mutane ne kafin a harba ko kibiya ɗaya. Mafi yawan abin da aka rubuta a lokacin, masu tuhuma ne suka rubuta shi, ta bakin tafinta. Kuma a duba lokacin. A ƙarshen 1905 da farkon 1906 an yi boren Kobkitanda a yankin Doso, a Fabrairu 1906 mutanen Satiru kusa da Sakkwato suka karkashe sojojin Ingila. Bature a Zinder a wannan watanni yana kwana da ido ɗaya buɗe, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sakamakon ma abin lura ne: an tuɓe ɗan Bassa, an kai shi Kwaddibuwa tare da wasu, ciki har da babban attajirin Zango, Malam Yaro, an ɗora Ballama, bawan fada, ya riƙe ƙasar, ba a mayar da sarauta gidanta ba sai 1923, da Barma Mustafa. Akwai waɗanda suka ci ribar zargin, a bariki da cikin fada. Shin sarki ya shirya tawaye da gaske, ko maganganun ɓacin rai aka tattara aka mayar da su shiri? Salifou, wanda ya bi takardun ya kuma saurari tsofaffi, ya karɓi cewa an ƙulla abin. Fim ɗin ya bi shi, ya sa mai kallo ya ga ƙullin da idonsa, kuma abin da ido ya gani a majigi da wuya a sake mayar da shi tambaya.

Na yarda da wannan kusan duka. Si les cavaliers ba shaidar gani da ido ba ce kan 1906, kuma malamin da ya nuna wa ɗalibai shi a matsayin haka ya cuce su. Abin da nake iya karewa ya fi haka ƙanƙanta. Fim ɗin shaida ce mai ƙarfi kan shekarun da aka yi shi: zamanin Seyni Kountché, lokacin da samariya da wasan kwaikwayo na Hausa suke tashe, ƙasa tana neman jarumai daga kowane yanki. Yana nuna yadda wani ɗan Damagaram mai ilimin tarihi ya so a tuna da sarkin da Faransawa da kansu suka naɗa a 1899: ba a matsayin ɗan amshin shata ba, a matsayin wanda ya yi yunƙuri asiri ya tonu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai nazarin yadda gari yake ɗaukar raunin da aka yi masa. Kuma idan wannan ne ma'aunin, to shi ne dai ma'aunin barikin: shaida kan waɗanda suka sa masa suna a 1899 da waɗanda suka sauya shi daga baya. Haka abin da ya faru a Yamai a Oktoba 2024, inda titin de Gaulle ya koma na Djibo Bakary, aka kuma maye gurbin hoton Bafaranshen nan Monteil da na Thomas Sankara, zai zama shaida kan 2024. Ban ga dalilin da zai sa a karɓi ɗaya a kori ɗaya ba, in ba don gini yana da nauyi a ido ba.

Akwai kuma wuraren da majigi ya shiga inda babu ginin tarihi da zai kai mu. Aïcha Macky, 'yar garin, ta yi fim ɗinta Zinder (2021) a Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare a da, ta bi samarin da ke ɗaga ƙarfe da fasa-ƙwaurin man fetur daga Najeriya. Wasu mutanen garin sun ji zafin a ɗora sunan birninsu kan wannan hoton, kuma ana iya fahimtarsu. Amma yadda gari ya ture wasu 'ya'yansa gefe, jikokinsu kuma suka gaji turewar, tarihi ne kamar yadda Tirmini take tarihi.

Inda ra'ayin abokin nawa ya fi shiga matsala shi ne Damagaram Takaya, garin da daular ta ɗauki sunansa, wanda sai a 2011 ya zama cibiyar gunduma mai zaman kanta. Sarakunan farko sun yi kusan ƙarni guda suna sauya mazauni, daga Geza zuwa Gafati da wasu garuruwan, kafin Sulaiman ya zauna a Zinder, kuma wannan zamanin bai bar fada irin ta Birni da za a je a tsaya a gabanta ba. Wanda ya ce gini ne kaɗai shaida, tilas ya fara tarihin Damagaram daga tsakiyar ƙarni na 19, ya zubar da fiye da shekara ɗari. Abin da muka sani game da Malam Yunus da 'ya'yansa, daga jerin sarakuna da kirari da bakin dattawa Dunbar da Salifou suka tattaro shi, wato daga mutanen da su ma suke zaɓen abin faɗa da abin bari gwargwadon wanda ke zaune a gabansu. Abokin nawa yana koyar da wannan babin kowace shekara daga littafin Salifou na 1971, bai taɓa cewa wasa ba ne.