Daga Jaji Zuwa Uwar Adashi: Tarihin Riƙon Jama'a



Koya wa mace shugabanci ba yau aka fara ba a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai amana, ta karantar da ita, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa. Jaji sai ta koma garinsu ta tara mata tana koya musu. Shi ya sa da Nana ta rasu aikin bai tsaya ba, ƙanwarta Maryam ta ɗora.

Iyayenmu ma haka suka riƙi adashi. Uwar adashi ba ta aje kuɗi ita kaɗai a ka, sai ta jawo wata kusa ta san zubi, ta san kwasa.

Mu a Jibiya mun ga amfanin wannan da idonmu. A watan Agusta 2019 aka rufe boda, ba a buɗe tamu ba sai Afrilu 2022. Ana cikin haka, a 2021, aka hana sayar da dabbobi a kasuwanni saboda 'yan bindiga. Bayan juyin mulkin Nijar a Yuli 2023 aka sake rufewa har Maris 2024. Hanyar Maraɗi ta yi tsit. Yaran shago da 'yan aike da yawa suka watse, wasu Katsina, wasu Kano.

To su wa suka zauna? Waɗanda uwar ɗakinsu ta koya wa sana'ar gaba ɗaya: sari, awo, lissafi, rubuta bashi. Ko riba ta ragu, in ana faɗa wa yarinya gaskiyar ciniki, ana biyanta hakkinta kan lokaci, ba a yi mata tsawa gaban mai saye, ba ta tafiya. Wadda aka mayar 'yar ɗauko-miƙo kuwa, ranar da ciniki ya tsaya ranar take sallama.

Don haka kowace shugaba a cikinmu, ma'aji ce ko sakatariya, ta ɗauki mataimakiya ta koya mata littafi. Wadda ba ta iya rubutu ba, ajin yaƙi da jahilci na nan, ba a tsufa da shi. Boda ba a hannunmu take ba, amma riƙon mutanenmu a hannunmu yake.

Allah ya ƙara haɗa kanmu.