Daga Toda zuwa ranar sakin gonaki

Jama'a masu saurare, kaka ta zo, mu tuna Toda. A watan Oktoba 1991, a wannan ƙauye na yankin Gidan Rumji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100, galibi mata da yara.

A 1993 Nijar ta kafa dokar karkara, wato Code Rural, wadda ta haifi kwamitocin COFO. Su ke shata burtali, su rubuta takardar gona. Dokar kiwo ta 2010 kuma ta ɗora wa gwamnan jiha tsaida ranar sakin gonaki, bayan shawara da ɓangarorin biyu.

To, manomi, kwashe dammunanka da wuri, bar noman burtali. Makiyayi, jira sanarwa. Wanda ya san Toda ba ya wasa da wannan rana.