Radburn: Unguwar da Aka Zana Don Yaro Ya Je Makaranta Lafiya

A shekarun 1920, babbar barazanar da ke damun iyaye a biranen Amurka ita ce mota. Motoci sun yawaita a titunan da aka shimfiɗa tun zamanin keken doki, yara kuma ba su da filin wasa sai bakin titi. A shekarar 1929 kaɗai, haɗarin mota ya ci ran mutum kusan 30,000 a ƙasar. A wannan shekarar ce iyalai na farko suka tare a Radburn, wata sabuwar unguwa a garin Fair Lawn da ke jihar New Jersey, kusa da birnin New York.

Kamfanin City Housing Corporation na Alexander Bing ne ya sayi filin, wanda a da gonaki ne. Masu zanen su ne Clarence Stein da Henry Wright, waɗanda suka riga suka gwada hannunsu a Sunnyside Gardens da ke Queens tun 1924. Sun ɗauko tunaninsu daga Ebenezer Howard na Ingila, mai kiran a gina garuruwan da lambu ya kewaye, amma sun ƙara abin da Howard bai sha fama da shi ba, wato yadda mutum da mota za su zauna wuri ɗaya ba tare da mota ta take shi ba.

Dabarar da suka ɓullo da ita mai sauƙin fahimta ce. Manyan tituna suna zagaye unguwa ta waje. Daga cikinsu gajerun layuka suke shigowa, layukan da ba sa ɓullewa, don haka babu direban da zai bi ta ciki don yanke hanya. Kowane gida yana da fuska biyu: kicin da garejin mota suna kallon layi, falo kuma yana kallon lambu da hanyar ƙafa. Hanyoyin ƙafar nan suna haɗuwa a dogon filin shaƙatawa da ke tsakiya, wanda Marjorie Sewell Cautley ta tsara shuke-shukensa. Inda ya zama dole hanyar ƙafa ta haɗu da titi, sai aka haƙa mata gadar ƙasa. Yaro zai fito daga gidansu ya isa makarantar firamare bai tsallaka titi ba.

To amma filin da ba na kowa ba, wa zai share shi? Wa zai gyara fitila idan ta mutu, ya sare reshen da ya karye? Wannan tambaya ce ta haifi Radburn Association a 1929, kuma a ganina ita ce ainihin ƙirƙirar da aka yi a wurin, fiye da zanen titunan. An rubuta sharuɗɗan ƙungiyar a cikin takardar mallakar kowane gida. Duk wanda ya sayi gida ya ɗauki nauyin biyan kuɗin ƙungiya, ya kuma yarda ba zai sauya fasalin gidansa ta waje ba sai da izini. Da kuɗin ake kula da filayen da suka kai eka 23, da wuraren ninƙaya, da filayen wasan tanis, da shirye-shiryen yara na lokacin hutu. Kwamitin amintattu ke riƙe da ragama, manaja mai albashi ke gudanar da aikin yau da kullum.

Watanni kaɗan bayan tarewar farko, kasuwar hannun jari ta New York ta rushe a Oktoban 1929. Kamfanin ya durƙushe a 1934. Garin da aka tsara wa mutum 25,000 ya tsaya a eka 149 da mutum wajen 3,000, sauran filin kuma aka sayar aka yi gine-gine irin na ko'ina. Kamfani ya tafi, ƙungiya ta ci gaba da karɓar kuɗi tana yanke ciyawa, shi ya sa filayen suke nan har yau. A 2005 gwamnatin tarayya ta sanya Radburn cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Akwai tabo a tarihin, kuma bai kamata a rufe shi ba. A shekarun farko, dillalan gidaje sun riƙa kawar da baƙaƙen fata da Yahudawa daga sayen gida a unguwar. Kwanciyar hankalin da aka yi talla da shi na wasu ne kawai.

Zanen Radburn ya bazu zuwa Greenbelt a jihar Maryland, da sababbin garuruwan Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da Ostareliya. A wasu rukunin gidajen gwamnati na waɗannan ƙasashe, sakamakon bai yi daɗi ba. An kwafi lungunan da hanyoyin ƙafa, aka bar ƙungiyar da ke kula da su a baya. Hanyar da babu fitila, babu mai sharewa, babu idon maƙwabci a kanta, sai ta zama maɓoyar ɓata-gari, har hukumomi suka riƙa toshe wasu, suna rushe wasu rukunan.

Ita ma ƙungiyar ta asali ta yi fama da tata matsalar, wadda ta daɗe tana ci wa mazauna tuwo a ƙwarya. Tsarin 1929 ya ba kwamitin amintattu ikon zaɓo waɗanda za su tsaya takarar kujerunsa. A lokacin, mai gida yana biyan kuɗi duk shekara, yana jefa ƙuri'a, amma ba zai iya tsayawa ba sai kwamitin ya sa sunansa. Masu kare tsarin suna cewa shi ya hana a lalata fasalin unguwar don son zuciyar wasu. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai ban ga yadda za a ce wa mutum ya biya kuɗi shekara talatin, a kuma hana shi neman kujerar da ake kashe kuɗin a kanta ba. Wasu mazauna sun kai ƙara kotu ba su yi nasara ba, sai suka juya ga majalisar dokokin jiha. A watan Yulin 2017 Gwamna Chris Christie ya sa hannu a dokar da ake kira da sunan Radburn, wadda ta ba duk mai gida da ba a bin sa bashin ƙungiya damar jefa ƙuri'a da tsayawa takara. Dokar ta shafi dukkan ƙungiyoyin masu gidaje na jihar New Jersey, shekara 88 bayan kafa ta Radburn.